Tsakanin Kwalta da Kwale-kwale: Tarihin Babur a Rairayin Gaɓar Kainji

Daga watan Maris zuwa tsakiyar damina, ruwan tafkin Kainji yakan ja da baya kowace shekara, ya bar fili mai faɗi na rairayi da busasshiyar laka tsakanin gari da bakin ruwa. Inda kwale-kwale ya tsaya a watan Janairu sai ya koma turbar ƙafa, tashar jirgi kuma ta yi ta matsawa ciki, yau a nan, mako mai zuwa can gaba. A kan wannan fili ake ganin sawun tayoyin babura sun sassarƙe, daga Yelwa da Zamare, daga Wara zuwa tungayen masunta na ƙasar Ngaski, har ƙauyukan bakin kogi ta wajen Shanga. Masu baburan ɗauke suke da kwandunan kifi, da jarkokin man injin jirgi, da buhunan albasa da shinkafa, da fasinja biyu ko uku. A Turai da Amurka hawan babur a kan tuddan rairayi da bakin teku wasa ne mai tsada, da baburansa na musamman da ranakun gasarsa. Wanda ya san wancan wasa, in ya ga ɗan kabu-kabun Yauri yana ratsa rairayi, zai iya ɗauka kwaikwayo ne irin na talaka, ko kuwa shaidar rashin hanya kurum. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya ba. Hawan babur a gaɓar Kainji sana'a ce da madatsar ruwa ta haifa, don ita ta mai da bakin ruwa abu mai tafiya, babur kuma ya gaji aikin da jaki ya daɗe yana yi na haɗa kwale-kwale da kasuwa. Duk hukuncin da za a yanke wa babur a ƙasar Yauri, na tsaro ne ko na wasa ko na kare muhalli, in bai tashi daga nan ba, zai sauka inda ba a nufa ba.

Bari a fara da wancan wasa, don a ga inda hanyoyin suka rabu. A garin Daytona na jihar Fulorida ta Amurka an fara shahararren tseren babura na mil 200 a 1937, wani sashen zagayen a kan rairayin bakin teku da igiyar ruwa ta daddaɓe, wani a kan titi, sai a 1961 aka mai da shi filin tsere na kwalta. A Faransa wani matashi mai suna Thierry Sabine ya kafa tseren bakin teku na Le Touquet a 1975. A 1977 ya ɓata da babur ɗinsa a cikin Sahara yana tsakiyar wani tsere da ya tashi daga Abijan, aka ceto shi da ƙyar, ya koma gida da niyyar jawo wasu can. Ranar 26 ga Disamba 1978 ayarin farko na tseren Faris zuwa Dakar ya ɗaga, ya ratsa Aljeriya, ya sauko ta Agadas da Yamai, Cyril Neveu ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500. Abin lura shi ne duk waɗannan mutane sun fito ne daga ƙasashen da kwalta ta riga ta kai kowace ƙofa. Sai da hanya ta wadata har ta gundure su, sannan suka fita neman inda babu ita, suna biyan kuɗi don su sha wahalar da wasu ke gudu. Ƙasar Yauri ba ta da tuddan rairayi irin na Tenere, ko irin na Tulo-Tulo a Yusufari ta jihar Yobe. Abin da take da shi rairayin kogi ne da gaɓar tafki, kuma mutanenta ba su tafi nemansa ba, shi ya zo ya kwanta tsakaninsu da abincinsu.

Tun kafin madatsa, arzikin Yauri daga mahaɗar ruwa da tudu yake fitowa. Fataken Hausawa masu zuwa Gwanja sarin goro dole su ƙetare kogin Kwara, kuma Yauri na cikin manyan wuraren da madugai ke sauke ayari a yi fito. Jakuna su kawo kaya daga Kano da Katsina, a juye cikin jirage, a ƙetare zuwa ƙasar Bargu, sarki ya karɓi rabonsa. Mahdi Adamu, masanin tarihi ɗan wannan ƙasa, ya yi nazari mai zurfi a kan Yauri ta ƙarni na 19 da kan yadda fatauci ya baza Hausawa a Afirka ta Yamma. Turawan farko ma ta ruwa suka san wurin: Mungo Park ya wuce ta Yauri kafin ya halaka a duwatsun Busa a wajajen farkon 1806, Richard Lander da ƙanensa John kuma sun zo a 1830 suna cigiyar takardunsa. Lokacin da Sarki Abdullahi Abarshi ya tsayar da fadarsa a Yelwa a 1888, bayan rigingimun da suka raba sarauta da Birnin Yauri, bakin kogi ya zaɓa. A tsibirai kuwa Gungawa na noman albasa da shinkafa da gero suna kamun kifi, Sarkawa na bin ruwa da komarsu, Kambari da Dukkawa da Shangawa na noman tudu. Kowane ɓangare na bukatar abin da ke hannun ɗaya, kuma cinikin kan faru ne a ɗan siririn wurin da jirgi ke tsayawa, ɗan dako ko jaki ya karɓa. Wannan tazara gajera ce a wancan zamani, don kogi na da gaɓarsa sananniya. Ya cika ya sauka, amma tashar jirgin kaka ita ce ta jika.

Madatsar Kainji ce ta sauya wannan lissafi. An fara gininta a 1964, aka toshe ruwa a 1968, aka buɗe ta a hukumance a farkon 1969. Ruwan ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200 in ya cika, kansa na arewa ya taɓo Yelwa. Mutum kimanin 44,000 aka tayar daga garuruwansu. Tsohuwar Busa ta nutse aka gina sabuwa, mafi yawan tsibirin Foge ya shige ruwa, Gungawa da yawa kuma aka kwashe su daga gungunansu aka zaunar da su a gidajen siminti a kan tudu. An yi rubuce-rubuce da dama a kan gonakin albasar da suka salwanta da irin gidajen da aka gina musu, amma akwai asarar da ba a cika lissafawa ba. Mutumin da ke zaune a gungu, ƙofarsa a bakin ruwa take, jirginsa shi ne dokinsa, shi ne jakinsa. Da aka mai da shi tudu, sai aka kafa sabon garin can sama da iyakar cikar ruwa, don kada ambaliya ta ci shi. Hikima ce ta injiniya, amma ma'anarta ita ce mutumin da sana'arsa ke cikin ruwa ya wayi gari da tafiya tsakaninsa da jirginsa. A ranar da aka yi ƙaura, babu wanda ya yi masa tanadin abin da zai rufe wannan tafiya.

Kuma tafiyar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, nan ne gundarin zancen. Kogin Kwara a wannan yanki cika biyu yake yi a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na ruwan saman ƙasashen kusa, wanda ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa, wanda ya taso daga duwatsun Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali ya zubar da lakarsa, sai ya iso nan cikin sanyi, garau da shi. Waɗannan biyu ke cika tafkin. Daga nan injinan wuta su yi ta jan ruwa har bazara ta wuce, tafkin ya sauka da kusan mita 10 kafin sabuwar cika. A inda gaɓa take a tsaye, kamar kusa da madatsar, wannan sauka ba ta da wani tasiri ga mai tafiya. Amma a shimfiɗaɗɗun wurare na tsakiyar tafkin, saukar mita ɗaya kan janye ruwa da nisa mai yawa, har a wasu wuraren mutum ya yi tafiyar kilomitoci a ƙasar da watanni kaɗan baya kifi ke yawo a kanta. Masunta sukan tayar da bukkokinsu su bi ruwa, manoma su bi bayansu suna shuka a danshin da ya bari, Fulani su biyo da shanu don ɗanyar ciyawa. A shekarun farko na tafkin kamu ya yi albarka ƙwarai, musamman faliya, abin da ya jawo masunta daga nesa, tungaye suka yawaita. Kifi kuwa ba ya jira. Giwan ruwa ko karfasa da aka kama da asuba, in hantsi ya yi ba ta kai hannun mai saye ba, sai dai a yi banda a karɓi abin da ya samu. Wato madatsa ta haifar da kaya mai gaggawa a ƙarshen hanyar da ba ta zama wuri ɗaya.

Babur bai iso nan da nan ba. A shekarun 1970 abin hawan ma'aikata ne, malamin makaranta da malamin gona da malamin asibiti, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, lokacin da Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa suka cika garuruwan Arewa. A wancan lokaci mai babur ba ya ɗora masa kwandon kifi, lallaɓa shi yake yi. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 shi ya mai da babur sana'a: motocin haya suka yi tsada, albashi ya kasa, aka fara ɗaukar fasinja, abin da Kano ke kira acaɓa, Sakkwato da Kabi da Yamai ke kira kabu-kabu. Sai baburan ƙasar Sin irin su Jincheng suka karya farashi, Bajaj Boxer na Indiya ya biyo baya da ƙarfin ɗaukar kaya da ƙarancin shan mai. Wayar salula da ta shigo Nijeriya a 2001, da ta bazu zuwa ƙauyuka, ta cika aikin: masunci na cikin ruwa zai kira ɗan kabu-kabu ya ce masa ga inda zai fito yau. Dalilin da babur ya yi nasara a fili yake. Mota na nutsewa a rairayi, kuma ba ta da riba a kan kwando biyu. Keke sai an tura shi. Jaki da amalanken shanu suna iyawa, har yau ma ba su ɓace ba, amma tafiyarsu ba ta kifi ɗanye ba ce. Babur kaɗai ke bin turbar da ba ta fi taku biyu faɗi ba, in ya kafe mutum biyu su ciccibe shi, in ya kai bakin ruwa a ɗora shi cikin jirgi a ƙetare da shi zuwa Rofiya ko kasuwar Malale, ya sauka ya ci gaba da tafiya. Tsohon auren jaki da kwale-kwale na zamanin fatake ne aka sake ɗaurawa da sabon ango.

Sana'ar ta zo da iliminta, kuma wannan ilimi ne ya kamata ya kawar da zancen kwaikwayo. Babur ɗin tseren rairayi an ƙera shi ne don wannan aiki: tayoyi masu ƙuraje, dogayen ƙafafu masu shanye gargada, jiki mara nauyi. Ɗan kabu-kabun gaɓa kuwa da babur ɗin titi yake shiga, mai sulɓin taya, da lodin da ya kusa nauyin babur ɗin kansa. Abin da injin bai ba shi ba, da basira yake cikewa. Ya san a rage iskar taya don ta baje a kan rairayi, a sa ƙaramar giya a riƙe totur ba sassautawa, don wanda ya tsorata ya saki mai a tsakiyar rairayi mai zurfi ya kafe, wanda ya danne birkin gaba kuma ya sha ƙasa. Ya san a mai da nauyi baya a bar kan babur ya yi 'yar rawarsa, ƙafafu a sake suna taɓa ƙasa. Abin da ya fi wannan wuya shi ne karatun ƙasa. Rairayi mai danshi kusa da ruwa ya fi busasshe riƙe taya, amma laka mai ɓawon da ya bushe a sama, ƙasanta taɓo, tarko ce, kuma bambancin launinsu kaɗan ne. Da sassafe rairayi ya fi daɗin bi, da rana ta take sai ya saki. In ruwan sama ya fara sauka alhali tafkin na can ƙasa, duk lissafin rani ya rushe, sai a sake koyon hanya. Bakanike ma na da nasa kason: yashi na cinye sarƙa da haƙoranta, ƙura na toshe matatar iska, don haka gyaran babur ɗin gaɓa ya fi na cikin gari yawa. Waɗannan su ne darussan da ake biyan kuɗi a koya a makarantun tsere na Turai. A nan yaro na ɗaukarsu daga bayan yayansa, da faɗuwa da tashi.

Mai musu na farko zai ce duk wannan ado ne ake yi wa talauci: a gina hanya, babur ya koma titi, magana ta ƙare. Akwai gaskiya a ciki. Babbar hanyar da ta taso daga Jega ta bi ta Koko da Yelwa zuwa Kwantagora ita ce jijiyar yankin, kuma duk lokacin da ta lalace kowa na ji a jikinsa. Ƙauyuka da yawa na Shanga da Ngaski da ke kan tudu ba abin da ya hana a kai musu kwalta sai rashin yi. Amma hanya iyakarta inda ruwa ke tsayawa in ya cika. Duk abin da aka shimfiɗa ƙasa da nan, zai kwana cikin ruwa rabin shekara, igiya ta zaizaye shi. Ko an gina doguwar gada ta dutse a manyan tashoshi kamar Yelwa da Wara, wanda abu ne mai kyau, ba za a gina wa kowace tunga ba, tunda tungar kanta tashi take yi ta bi kifi. Saboda haka ko da an wayi gari kowace hanyar tudu ta zama kwalta, wannan yanki na tsakiya zai ci gaba da zama na abin hawan da ba ya bukatar hanya. Rashin hanya laifin hukuma ne, amma tafiyar gaɓa ɗabi'ar tafki ce, kuma muddin Kainji na ba da wuta, haka za ta ci gaba.

Musu na biyu ya fi nauyi, don da jini aka rubuta shi. Babur ɗin da ke kai kifi kasuwa shi ne ke kawo 'yan bindiga. Ranar 17 ga Yuni 2021 mahara a kan babura suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan ba su dawo ba sai bayan kusan shekara biyu. Ƙauyukan Shanga da Ngaski da na makwabtansu a Zuru da jihar Neja sun ga irin wannan ayari ba sau ɗaya ba. Abin da ya sa babur ya dace da gaɓa, shi ne ya sa ya dace da daji. Ba mamaki hukumomi suka ɗauki hani a matsayin magani: Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, rundunar soja ta sanar da hana babura a dazuzzukan jihohin Arewa maso Yamma, har da Kabi, a 2019, Nijar ta yi haka a Diffa da Tillaberi. Sai dai abin da ya yi aiki a birni ba lalle ya yi a gaɓa ba. A Kano an hana acaɓa, adaidaita sahu ta maye gurbi, don akwai kwalta. A rairayin Kainji babu abin da zai maye gurbi. Ɗan bindiga kuma ba ya neman izini kafin ya hau, don haka hanin kan sauka ne a kan mai bin doka: kifinsa ya ruɓe, mai naƙuda ta rasa mai kai ta asibiti, ƙauye ya rasa mai kai labari gari in an ga baƙin fuska, matashin da aka raba da abin yi kuma ya zama abin zawarcin waɗanda ake gudu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan. Abin da tarihin wurin ke nunawa shi ne a san mahayi: rajista a tashar jirgi, shaidar ƙungiya, sa hannun mai gari da sarkin ruwa, da sa ido a kan masu sayar da babura da mai da yawa zuwa daji. Fatake ma ba a hana su tafiya ba don akwai 'yan fashi, madugu aka ɗora wa alhakin ayarinsa.

Musu na uku na haɗari ne da ɓarna, kuma a nan dole masu babur su karɓi rabonsu na laifi. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ya kife kusa da Wara da mutane fiye da 150, kaɗan suka tsira, kuma cikin lodin da aka ruwaito ya ɗauka har da babura masu yawa. Auren babur da jirgi da aka yaba a baya, ga mummunar fuskarsa in babu mai ƙayyade nauyi. A kan tudu kuma akwai rashin hular kwano, da ɗora mutum huɗu, da wasan ganganci da samari ke yi ranar biki. Ita ma gaɓar ba fanko ba ce. A ƙarshen rani akwai shuka a kanta, wadda taya ke tattakewa, akwai kuma tsuntsayen da ke saka ƙwai a kan tsurar rairayi ba tare da sheƙa ba. Tsibiran Foge na cikin wuraren da aka sa a jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008. Hatta Faransawa sun janye tseren Le Touquet daga cikin tuddan rairayi a 2006 don kare su. Amma amsar a nan ma tana cikin tarihin tafkin. A shekarun 1990, da aka ga komar dala tana share ƙananan kifaye, aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a Kainji bai dogara da takardar doka kaɗai ba, ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa ya bi. Ba a ce an gama da matsalar ba, amma an ga cewa mutanen ruwa na jin maganar wanda suka sani. Wanda ke iya cewa kada a ja dala a nan, yana iya cewa ga turbar babur, ga gona, ga wurin tsuntsu, ga kuma adadin baburan da jirgi zai ɗauka.

Saura tambayar da masu son jawo baƙi ke yi: me zai hana wannan gwaninta ta zama wasa, a yi tseren babur a rairayin Yelwa? Babu abin da ya hana, kuma misalai biyu na kusa sun nuna hanyar da ta dace da wadda ba ta dace ba. Bikin Rigata na Yauri, kamar yadda mutanen ƙasar ke bayarwa, ya samo asali ne daga jarumtar Gungawa ta farautar dorina a cikin kwale-kwale. Da farautar ta kau, gwanintar tuƙi da ninƙaya ta zama abin kallo, ana yi a gaban Sarkin Yauri. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake lissafin farkonsa daga 1934, haka yake: masunta ne ke nuna sana'arsu, daga baya aka ƙara masa tseren motoci. A duka biyun masu wasan 'yan gida ne, abin da suke nunawa kuma aikinsu ne na kullum. Tseren Dakar kuwa akasin haka ya kasance. Ya ratsa ƙasar Nijar shekara da shekaru, Agadas ta ci ɗan cinikin kwana biyu, amma mazauna hanya 'yan kallo ne, wasunsu ma, har da yara, motocin tseren suka kashe. Sabine kansa ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986. Da tsaro ya taɓarɓare aka soke tseren 2008 saboda barazana a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka a 2009, daga nan ya ƙaura zuwa Saudiyya a 2020, ya tafi da sunan Dakar ya bar Dakar. Wasan da baƙo ya kawo, ranar da ya ga hadari naɗe kayansa yake yi. In za a yi tseren rairayi a Yauri, na 'yan kabu-kabu ya kamata ya zama, da irin baburan da suke aiki da su, a turbar da aka shata, da hular kwano a kan kowa, don ya zama makarantar tuƙi da girmama sana'a a lokaci guda.

Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya sake jijjiga wannan sana'a, kuɗin kai kwando daga tunga zuwa kasuwa ya tashi, kuma a ƙarshe masunci da mai cin kifi ne ke biya. Mai yiwuwa nan gaba wani abin hawan ya karɓi aikin, kamar yadda babur ya karɓa daga jaki, ko mai aiki da batir ko wanda ba a ƙera ba tukuna. Abin da ba zai sauya ba shi ne tazarar da aka haifa a 1968, ranar da aka zaunar da mutanen ruwa a kan tudu aka bar ruwan yana kai da komo. Wutar da Kainji ke aikawa manyan birane, da saukar wannan ruwa ake samunta, kuma kowane mita da ya sauka ƙarin tafiya ne a kan wani a Ngaski ko Shanga. Cikin lissafin madatsa an sa kuɗin siminti da na gidajen ƙaura, ba a sa wannan ba; samarin da ke riƙe totur a cikin rairayi da lodin kifi a baya su ke biyansa kullum. A watan Satumba farin ruwa zai dawo ya shafe sawun tayoyin kakaf, har wanda ya zo a lokacin ya rantse ba a taɓa bin wurin ba. In Maris ta zagayo kuma, wani zai fara shiga da ƙaramar giya, yana duban launin ƙasa, ya fitar wa saura hanyar bana.